Sau Shida Kafin Muryar Baba

Ban taɓa son waƙar nan ba, gara in faɗa tun daga farko. Na ci abinci da ita, har rufin kwano na yi wa shagona da ita, amma ko rana ɗaya ba ta kwanta mini ba. Yanzu na haura sittin, kunnena na hagu ya fara nauyi, kuma ba na jin a duk Ƙauran Namoda akwai wanda ya saurare ta yawan da na yi. Mutum ɗaya ce ta fi ni, ita ma ni na jawo mata.

Sana'ata a wancan lokaci ɗaukar kaset ce. Ina da ɗan shago kusa da tashar mota, daga inda nake zama ina jin jiniyar jirgin ƙasa in ya iso, tunda a Ƙaura layin dogo ya ƙare. Kayan aikin ba su da yawa: rikoda mai baki biyu, batirin mota saboda ranar da babu wuta, auduga da sifirit na goge kan da ke karanta zare, da biro na naɗe zare. Bakin hagu shi ke karanta kaset ɗin da ake so, wanda muke kira uwa. Bakin dama shi ke ɗauka. Duk kaset ɗin da ka sa a dama ka danna jan madanni, abin da ke cikinsa ya tafi ke nan, sabo ya hau kai. Shi ya sa ake yi wa kowane kaset 'yan haƙora biyu a ƙeya. In ka karya su da ƙusa, jan madannin ba zai dannu ba ko ka hau kansa. Wannan ne karatun farko da nake yi wa duk wanda ya kawo mini kaset mai daraja, har faɗa nake yi wa mutane a kan sakaci.

Wani direban motar kasuwa ne da ke bin hanyar Shinkafi ya fara kawo mini waƙar. Gajeren mutum ne mai ƙiba, in ya yi dariya har masu shayi na tsallaken titi sai sun waiwayo. Ya ce abokinsa direban babbar mota ne ya zo da ita daga Ikko. A bayan kwalin akwai hoton wasu Turawa da gashi buzu-buzu har kafaɗa. Kwana biyu ana gardama a tasha ko maza ne ko mata, har sai da wani malamin sakandare ya zo ɗaukar nasa kaset, ya karanta rubutun, ya ce maza ne. Ya ce daga ƙasar Suwidin suke, can saman Turai inda sanyi ke kashe mutum, kuma irin kiɗansu rok ake ce masa. Ya ji a rediyon waje cewa wannan waƙar ita kaɗai aka fara saki a faifai, kuma ta gama ƙasashe da yawa. Ya fara fassara mana abin da suke faɗa, sai ya lura babu mai sauraronsa, ya ɗauki kekensa ya tafi.

Babu wanda ya damu da Turancin. Busar farkon ce ta kama mutane, wata doguwar busa mai tashi sama, shi ya sa 'yan tasha suka laƙaba mata Jiniya. Akwai waƙoƙi da dama a kaset ɗin, amma ban taɓa samun wanda ya nemi ko ɗaya daga sauran ba. Direbobi suka ce rediyon motocinsu ba ya komawa baya, in ma ya koma cin zare yake yi, don haka a cika musu fuska ɗaya da ita kaɗai. Sai na haɗa uwa ta musamman, na jera waƙar sau shida a jere, ta kusa cika rabin awa. Cikin wata guda ta bi duk inda mota ke shiga. Ranar kasuwar Shinkafi za ka ji tana tashi daga kusurwa uku, kowace a wurin da ta kai, kan mutum ya yi ta sarawa. Samarin Fulani da ke zuwa Kasuwar Daji da rediyonsu mai rigar zane suka fara nemanta. Wani tela ya rantse mini kekensa ya fi gudu in tana yi. Wani dattijo daga Ɗan Isa ya zo har shago ya yi mini ƙorafi, wai da jakinsa ya ji ta sai ya kama kuka. Malamin unguwarmu kuwa ya ce kiɗan bikin aljanu ne, ya hana 'ya'yansa tsayawa bakin shagona.

Ni da nake ɗaukar ta tun safe har la'asar, sai da ta kai ina jin ta ko rikoda a kashe take. Ina cin tuwo tana yi, ina alwala tana yi. Na gaji da ita tun kafin ta yi mini abin da ta yi.

Mu mutanen Zurmi ne. Mahaifina manomi ne, gero da dawa, amma in an gama girbi yakan shiga jirgi ya tafi Ikko sayar da goro, ya dawo kafin ruwan farko. Bai iya boko ba, kuma ba ya son a rubuta masa wasiƙa wani ya karanta sirrinsa, don haka yakan yi abin da mutanenmu da yawa ke yi a lokacin: ya zauna gaban rikoda ya faɗi saƙonsa, ya ba wani mai zuwa gida kaset ɗin. Na ƙarshe wani ɗan garinmu mai fataucin shanu ne ya kawo. Bayan sati uku labari ya iso cewa zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, ya cika, an rufe shi a can. Babu wanda ya ga gawarsa a cikinmu. Kaset-kaset ɗin baya an riga an yi amsa a kansu an mayar masa, kamar yadda ake yi. Wannan ɗaya ne ya rage a hannun Inna.

Wanda bai san irin wannan saƙo ba zai ɗauka hira ce kawai, amma yana da tsari. Bayan sallama da salati, Baba ya gaida yayyensa, kowa da matsayinsa. Ya gaida liman da mai unguwa. Ya bi maƙwabta gida-gida, ya yi wa wanda aka yi wa rasuwa ta'aziyya, wanda aka yi wa haihuwa barka. Ya yi bayanin gonar fadama, da wanda za a ba aron shanun huɗa, da rumbun da ba za a buɗe ba sai ya dawo. Ya yi mini faɗa a kan sana'ar kiɗa da na zaɓa, ya kuma sa mini albarka a numfashi ɗaya. Matarsa ta shekara talatin kuwa sai can ƙarshe, zare na gab da ƙarewa, kuma ba da suna ba. Dattijon kirki ba ya gaida matarsa gaban jama'a sai a kaikaice, a gurguje, kamar ya tuna da wani abu yana bakin ƙofa. Ɗaya fuskar kaset ɗin babu komai a ciki.

Shekara biyu Inna tana sauraron kaset ɗin nan duk Juma'a bayan la'asar, a wata ƙaramar rikoda da shi Baban ya kawo mata. Sai murya ta fara rawa, zare ya fara ja. Wata rana na je gaishe ta, ta fito da shi daga adakarta a naɗe cikin ƙyalle, ta ajiye a kan tabarma. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ƙanwata da ke aure a nan cikin Zurmi tana zaune, sai ta dube ta, alhali ina gabanta.

“Ki ce mishi muryar ta hwara rawa. An ce shina iya juye ta cikin sabo. Ya juye, ya maido mani duka biyun.”

Ƙanwata ta juyo tana danne dariya ta maimaita mini. Na ce aikin rabin awa ne, Juma'a mai zuwa zan kawo. Na sa shi a aljihun gaba, na dafe shi da hannu har Ƙaura.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, girmama kaset ɗin ne ya kai ni ga kuskure. Da na wani ne, da tun a tsaye na karya haƙoran na jefa shi a hagu. Amma na ce a'a, muryar Baba ba za ta bi kan da ya wuni yana jan Jiniya ba, sai na goge shi da sifirit, sai kuma shago ya yi shiru. Na warware ƙyallen, na ajiye kaset ɗin a kan tebur a gefe. Babu rubutu a jikinsa, kuma irinsu ɗaya da sababbin da nake sayarwa. Jajibirin kasuwar Shinkafi ne, kwana uku babu wuta, batirina ya mutu. Bayan azahar sai ga wuta ta dawo. Kafin in miƙe direbobi sun cika ƙofa, kowa na miƙo hannu, mai ƙibar nan yana kan gaba yana cewa ai shi ya kawo waƙar garin, shi za a fara yi wa. Kowa ya san wutar ba ta daɗewa. Na jefa uwa a hagu, ina ɗauko sababbi daga tebur ina sa wa a dama, in danna, in jira, in cire. Zafi ya ishe ni, surutu ya ishe ni. A na huɗu ko na biyar hannuna ya kai gefe. Jan madannin ya dannu lafiya lau.

Sai da na cire shi zan miƙa wa mai shi na ga ƙyallen Inna a kan tebur babu komai a kansa. Na juya kaset ɗin da ke hannuna, na ga ɗan tabon manja a kusurwa, wanda na sani tun a Zurmi. Ban yi ihu ba. Na ce wa direbobin rikoda ta yi zafi, su dawo an jima, na ja ƙofa. Na mayar da shi farko na kunna, sai ga busar nan. Na tura gaba, ita ce. Na ƙara turawa, ita ce dai. Na bi har ƙarshe ina roƙon Allah. Da ta shida ta ƙare, aka ji ƙas, wurin da uwar kaset ɗin tawa ta ƙare ta tsayar da rikoda. Zaren Inna ya fi nawa tsawo da ɗan kaɗan. A wannan ɗan ragowar sai ga Baba:

“Sai mutanen cikin gida. A ce ta bar ɗaukar ruwa da ƙahwar nan tata, yara na nan.” Ya yi tari sau ɗaya. “Ina nan tahe kahin shuka, in Allah ya yarda. A yi haƙuri da ni.”

Daga nan zare ya ƙare. Na karya haƙoran a lokacin, da ƙusar da ke rataye gabana tun safe.

Na san abin da aka shafe ba ya dawowa, ni ne mai faɗa wa mutane haka. Duk da haka na shiga mota na je Gusau wurin masu gyaran rediyo, na tambaya ko akwai hanyar ɗaga ta sama a ji ta ƙasa. Babbansu ya dube ni ya ce, “Kai ba mai sana'ar ba ne?” Na je Kano ma, wani ya karɓi kaset ɗin ya duba shi a hasken rana kamar zai ga muryar da ido, ya miƙo mini. A duk motar da na shiga, zuwa da dawowa, Jiniya ce ke tashi, kuma galibi ɗaukata ce, don ina gane ɗan tsakin da rikodata ke yi tsakanin ta biyu da ta uku.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Mutane sun sha cewa muryata irin ta Baba ce, kuma saƙon nan na ji shi har na kusa haddace shi. Wata safiya na rufe shago, na sa sabon kaset, na kwantar da murya, na fara da sallama da salati, na gaida yayyensa ɗaya bayan ɗaya. Na kai wurin gonar fadama. Da na zo inda yake yi mini faɗa yana sa mini albarka, bakina ya ƙi. Na mayar na saurara, sai na ji wani saurayi yana kwaikwayon mamaci don ya yaudari uwarsa. Kunya ta rufe ni. Na shafe shi nan take, kuma abin da ke kusa da hannuna na shafe shi da shi ita ce uwar nan mai waƙa shida.

Wata biyar ina yi wa Inna ƙarya. Rikoda ta lalace. Kaset ɗin da ke kasuwa yanzu jabu ne, ina jiran masu kyau. Na manto shi a shago. Duk zuwan da na yi, sai na gama cin tuwo na wanke hannu, sannan ta dubi ƙanwata ta ce, “Ki tambaye shi saƙona.” Ba ta taɓa ƙara kalma a kai ba. Na fara rage zuwa, ni da ba na wuce sati biyu. Ƙanwata ta biyo ni har Ƙaura ta ce Inna ta daina cin abincin rana ranar Juma'a, tana zama a ɗaki da rikoda babu komai a ciki. Ta ce, “Yaya, in ɓata shi kay yi, ka hwaɗi. Jiran ga na cin ta.” A shagon ma babu sauƙi, don waƙar ba ta daina ci ba, kuma da ita nake ciyar da iyalina. Kullum sai na danna jan madannin nan a kanta sau ashirin ko fiye.

Na je da shi wata Juma'a da damina, an gama noman farko. Na same su a tsakar gida, Inna tana tsince wake. Na durƙusa na faɗi abin da na yi, tun daga ƙyallen har zuwa ƙusa, ban rage ba. Ƙanwata ta fara kuka. Inna ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tsintar wakenta har ta gama abin da ke cikin faifan. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da rikoda ta ajiye. Na ce akwai ɗan saura a ƙarshe. Na sa kaset ɗin, na kai yatsa zan tura shi gaba, don kada ta ji abin da na ɗora wa mijinta.

“Bar shi.”

Ni ta faɗa wa, ba ƙanwata ba. Tun da na yi wayo ban tuna ta dube ni ido cikin ido haka ba.

“Tura shi gaba na sa ta ci zare. Bar shi ya tahi da ƙahwarshi.”

Haka muka zauna. Busa ta tashi a tsakar gidan Baba, kaji suka watse, matan maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Turawan nan suka yi ta ihunsu. Ta ɗaya ta ƙare, ta biyu ta fara. Inna tana zaune ta miƙe ƙafarta mai ciwo, hannuwanta a kan cinya, fuskarta ba ta nuna komai ba. Na yi fatan ƙasa ta tsage in shige. Rabin awar nan ta fi mini wata biyar ɗin tsawo. Da aka ji ƙas, Baba ya yi maganarsa, ya yi tarinsa, ya nemi haƙuri, zare ya ƙare. Inna ta cire kaset ɗin da kanta, ta karɓi ƙyallenta ta naɗe shi. Na ce ta ba ni in juye ɗan ragowar a sabo, shi kaɗai, ba tare da kiɗan ba. Ta koma ga ƙanwata.

“Ki ce mishi ba ya sake hita gidan ga. Ki zuba mishi hura.”

Iyakar abin da ta ce ke nan, a ranar da kuma bayanta. Da ta zage ni, ko ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata, da na samu sauƙi. Ba ta yi ba. Duk Juma'a bayan la'asar sai ta sa kaset ɗinta daga farko, ta zauna ta jira. A Ƙaura an yi yayin waƙar an gama, wasu sun zo sun wuce, direba mai ƙiba ya bar tuƙi ya koma sayar da hatsi, amma a wani ɗaki a Zurmi tana nan tana tashi sau shida duk sati. Mutane suka yi ta magana. Wai tsohuwa mai carbi a hannu, mai azumin Litinin da Alhamis, ta rasa abin ji sai kiɗan Turawa. Wasu suka ce rasuwar mijin ce ta taɓa ta. Ba ta taɓa yi wa kowa bayani ba, don bayanin zai kai ga sunana. Na san haka, kuma ban tashi na wanke ta ba. Wannan ma yana cikin abin da nake ɗauke da shi.

Shekaru sun tafi. Zamanin kaset ya wuce, na koma tura waƙoƙi a waya da cajin batir, yanzu ma shagon ɗana ke zama. Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Zurmi, hanya ta zama abin tsoro, gonar fadama ta gagari kowa zuwa, sai na je na ɗauko Inna ta dawo gidana. Idonta ya riga ya tafi, ƙafar nan kuwa ba ta taka ta sai da sanda. Ta zo da adakarta. Rikodarta ta daɗe da mutuwa, na nemo wata tsohuwa wurin wani mai gyara. Da na sa kaset ɗin, zaren ya manne da juna saboda zafi da shekaru. Na bi shi da biro a hankali, yadda na iya, sai ya tsinke a hannuna, na ɗaura, ya sake tsinkewa a wani wuri, baƙin jikinsa yana zuba kamar toka. Na faɗa mata a ranar, wannan karon ban jira wata biyar ba. Ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta karɓa ta naɗe a ƙyallen ta mayar adaka.

Bara, wata Juma'a, 'yata ta zo daga gidan mijinta, muna zaune a inuwa bayan la'asar. Tana kallon wani bidiyon ƙwallo a waya, sai kawai busar nan ta tashi. Ashe har yanzu ana sa ta. Na buɗe baki zan ce ta kashe, sai na ga Inna ta ɗaga hannu. Bidiyon gajere ne, ya yanke a tsakiya.

“Ina sauran?” in ji Inna.

'Yata ta dube ni. Na ce ta nemo waƙar duka. Ta nemo ta kunna, muka zauna har ta ƙare. Inna ta ɗan jira, sannan ta ce, “Sau shida ta. Sa kuma.” 'Yata ba ta san labarin ba, amma ta ga fuskata, ba ta yi tambaya ba. Ta sa ta biyu, ta sa ta uku. Inna tana lissafi da 'ya'yan carbinta. Na zauna ina jin tsohuwar gajiyar nan tana hawa mini tun daga ƙafa. Ta shida ta ƙare. Waya ta yi shiru, sai kukan awaki daga gidan maƙwabta. Inna ta karkato da kunnenta wajen wayar tana jira, bakinta a ɗan buɗe.

Na girmi Baba yanzu da shekaru, muryata ta yi kauri irin tasa ba sai na kwantar da ita ba. Ban shirya ba, na ji kawai ina cewa, “Sai mutanen cikin gida. A ce ta bar ɗaukar ruwa da ƙahwar nan tata, yara na nan. Ina nan tahe kahin shuka, in Allah ya yarda. A yi haƙuri da ni.”

Ta juyo da fuskarta daidai inda nake zaune.

“Ka mance tarin,” ta ce. “Bayan yara na nan, sai da yay yi tari.”

Ta nemi a ba ta butarta, 'yata ta kama ta suka tafi alwalar magariba.

Tun daga ranar, duk Juma'a in na dawo masallaci na ci abinci na huta, sai in ji sandarta tana bugun ƙasa a bakin ɗakinta. Na sa ɗana ya jera mini waƙar sau shida a wayata. In kai kujera in zauna gefenta, in danna, mu jira tare. Har yanzu ba na son ta, kuma rabin awar ba ta rage tsawo ba. In ta shida ta ƙare sai in faɗi abin da ya rage, in yi tarin a wurinsa.